Ruwan wasa a gaban kotu: iyakokin da Kolorado ta gindaya wa masu kwale-kwale

A ƙarshen shekarar 1998, garin Golden da ke gindin duwatsu yamma da birnin Denver, a jihar Kolorado ta Amurka, ya shigar da buƙata gaban kotun ruwa. Yana so a rubuta masa haƙƙi a kan rafin Clear Creek da ya ratsa tsakiyarsa, har kimanin lita 28,000 a kowace daƙiƙa a watannin da ruwa ya fi cika. Wato sama da jarka dubu mai cin lita 25, duk daƙiƙa. Garin bai ce zai sha ruwan ba, bai ce zai yi ban ruwa ko ya kai masana'anta ba. Manyan duwatsu ya jera a cikin rafin ya kafe su da siminti, domin ruwa ya riƙa tsalle yana ta da igiya, 'yan wasan kwale-kwale su samu wurin gwada ƙwarewa. Abin da yake nema shi ne doka ta tabbatar masa cewa ruwan zai ci gaba da isowa wurin.

Hukumomin ruwa na jihar suka ce faufau. Kotun ruwa ta ba garin abin da ya nema a 2001, aka ɗaukaka ƙara, a 2003 alƙalan Kotun Ƙolin jihar suka rabu uku da uku, hukuncin kotun ƙasa ya zauna daram. Amma tun kafin a kai nan majalisar dokoki ta riga ta fara ɗaura wa irin wannan haƙƙi takunkumi, ta kuma ƙara ƙulle shi a 2006.

Ba za a gane wannan dambarwa ba sai an san yadda ake rabon ruwa a yammacin Amurka. A gabashin ƙasar, inda ruwan sama yake wadatacce, dokar da suka gada daga Ingila ce ke aiki: duk mai fili a bakin kogi yana da damar amfani da ruwan daidai gwargwado. Yamma kuwa ƙasa ce busasshiya. Masu haƙar zinarin da suka kwarara Kalifoniya daga 1849 suna buƙatar ruwa don wanke ƙasar da suka tono, ramukansu na nesa da rafi, filin da suke kai kuma na gwamnati ne. Sai suka kafa al'ada a tsakaninsu: wanda ya fara haƙa magudana ya ja ruwa ya yi aiki da shi, shi ne a gaba, ko da ba shi da taku ɗaya na ƙasa a bakin rafin. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta amince da wannan a 1855. Kolorado ta fi kowa rungumar tsarin. Kundin tsarin mulkinta na 1876 ya ce ruwan kowane rafi mallakar jama'a ne, kuma ba za a taɓa hana mutum karkatar da ruwan da ba a riga an kama ba domin amfani mai fa'ida. A 1882, a shari'ar Coffin da kamfanin Left Hand Ditch, kotun jihar ta ce dokar masu bakin kogi ba ta da wurin zama a Kolorado.

A aikace, kowane haƙƙin ruwa yana ɗauke da adadi da kwanan wata, kwanan watan kuma shi ne matsayinsa a layi. Yawancin ruwan kogunan jihar daga dusar ƙanƙarar kan duwatsu yake, ta narke a Mayu da Yuni kogi ya tumbatsa, zuwa Agusta ya janye. Idan ya janye, manomin da haƙƙinsa ya faro daga 1870 ya ga ruwansa bai cika ba, sai ya yi abin da suke cewa «kira». Kwamishinan ruwa na yankin ya bi kogin ta sama, ya je bakin magudanar waɗanda suka zo daga baya, ya murɗa ƙofar ƙarfen ya rufe, in ta kama ya sa sarƙa da kwaɗo. Ba a raba asarar tsakanin kowa da kowa. Na gaba yana shan nasa cikakke, na baya na iya tashi babu ko ɗigo. Tun 1969 jihar ta kasu yankunan ruwa bakwai, kowanne da kotunsa ta musamman, ƙara kuma daga can Kotun Ƙoli take wucewa kai tsaye.

Sharuɗɗa biyu ne suka tsaya wa masu shaƙatawa a wuya. Na farko, sai ka karkatar da ruwan daga hanyarsa. Na biyu, sai ka yi amfani mai fa'ida da shi, ba tare da almubazzaranci ba, kuma gwargwadon amfanin shi ne gwargwadon haƙƙin. In ka bar shi shekara goma ba ka taɓa ba, ana ɗauka ka yi watsi da shi. Mutanen da suka tsara wannan a ƙarni na 19 suna ganin ruwan da ya wuce ba a taɓa shi ba asara ne. Mai kwale-kwale da mai fatsa kuwa buƙatarsu kenan, a bar ruwan a cikin kogi.

Rigimar ta daɗe. A 1913 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta duba shari'ar wani wurin hutu a Cascade, a gindin dutsen Pikes Peak. Masu wurin sun gina masaukai da hanyoyi saboda kyan wani kwazazzabo mai magangarar ruwa, inda feshin ruwan ke rayar da bishiyoyi da furanni. Wani kamfanin lantarki ya zo zai janye ruwan daga sama. Kotu ta yarda cewa hutu da shaƙatawa amfani ne mai fa'ida, abin da ya zama babban ci gaba a wancan zamani. Amma ta ƙi yarda a riƙe rafi guda sukutum don kawai feshinsa ya jiƙa ciyayi ido ya ji daɗi, ta ce wannan ya yi kama da ɓarnar ruwa a ƙasar da ruwa ke da tsada. Duk abin da ya biyo baya cikin shekaru ɗari, wannan amsa ce ake ta maimaitawa da sabon salo: an yarda, amma da iyaka.

A 1965 Kotun Ƙolin Kolorado ta ce ba a samun haƙƙi don barin ruwa a kogi saboda kifi, tunda ba a karkatar da komai ba. Majalisa ta buɗe 'yar kafa a 1973, ta ƙirƙiro haƙƙin barin ruwa a cikin kogi, sai dai ta damƙa shi a hannun hukuma ɗaya tak, wato hukumar adana ruwa ta jihar. Adadin kuma shi ne mafi ƙanƙanta da zai kare muhalli daidai misali. Wannan ruwan kifi ne da halittun kogi, sau da yawa bai kai ya ɗaga kwale-kwale ba.

Birnin Fort Collins ne ya gano wata ƙofar. Ma'anar «karkatarwa» a dokar jihar ta haɗa da fitar da ruwa daga hanyarsa, ta kuma haɗa da sarrafa shi a cikin hanyar tasa ta amfani da wani gini ko na'ura. Birnin yana da gine-gine a kogin Cache la Poudre, ciki har da wata madatsa mai zirin da kwale-kwale ke bi ya gangara da matakalar da kifi ke hawa. A 1992 Kotun Ƙoli ta ce irin wannan gini na iya cika sharaɗin, muddin yana sarrafa ruwan yadda aka tsara shi. Ruwan da ake magana a kai bai fi lita 1,600 a daƙiƙa ba, shi ya sa hankalin mutane bai tashi sosai ba. Da Golden ya bi ta wannan ƙofa da buƙatar da ta ninka wancan kusan sau goma sha takwas, garuruwan Vail da Breckenridge suka mara masa baya, sai ido ya raina fata.

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce: me ya tsone wa manoma da manyan birane ido? Kwale-kwale ba ya shanye ruwa. Duk litar da ta shiga filin wasan tana fita ta ɗaya gefen, na ƙasa ya ɗiba. Haƙƙin kuma sabo ne, yana can ƙarshen layi, ba zai iya rufe ƙofar manomin 1870 ba. Duk gaskiya ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Ƙarfin wannan haƙƙi a kan gobe yake. Duk wanda zai zo bayansa ya gina dam ko ya ja ruwa a sama da filin wasan, dole ya bari adadin da kotu ta rubuta ya wuce tukuna. In adadin ya kusa cinye duk abin da rafin ke kawowa, to an rufe saman kogin ga sabbin masu zuwa.

Har tsofaffin masu haƙƙi abin yana taɓa su. Ƙa'ida ce a Kolorado cewa kana iya sayar da haƙƙinka, ko ka sauya wurin ɗiba, ko ka mai da ruwan noma ya zama na famfo, da sharaɗin kada sauyin ya cuci kowa, har da wanda ya zo bayanka. Birane kuma sun dogara da dabarar musaya: su ɗebi ruwa mai tsabta a can sama, su mayar da kwatankwacinsa a ƙasa. Idan filin kwale-kwale ya faɗo tsakanin wuraren biyu, ruwan da ke ratsa shi zai ragu, garin da ke da filin kuma yana da bakin cewa bai yarda ba. Ga kuma yanayin jihar kanta: kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan sama da dusar ƙanƙara a yammacin tsaunukan Rocky suke sauka, mafi yawan jama'a kuwa a gabas suke, ana kai musu ruwa ta ramukan da aka huda ƙarƙashin duwatsu. Garin yamma da ya samu babban haƙƙin wasa ya samu garkuwa kenan daga sabon rami. Akwai kuma yarjejeniyar rabon kogin Kolorado ta 1922 tsakanin jihohi bakwai. Masu adawa sun ce filin wasa a kusa da iyakar jiha zai iya tilasta sakin ruwan da Kolorado ke da ikon amfani da shi, ya wuce wa maƙwabta a banza.

Dokar 2001 ta amince da haƙƙin ta kuma yi masa shinge a lokaci guda. Hukumomin jama'a ne kaɗai za su iya nemansa, wato birni ko gunduma ko hukumar ruwa ta yanki. Kamfanin yawon kogi ko ƙungiyar matuƙa ba su da wannan dama. Dole ruwan ya kasance tsakanin gine-ginen da ke sarrafa shi. Adadin kuma shi ne mafi ƙanƙanta da zai ba da shaƙatawa daidai hankali. Sannan sai hukumar adana ruwa ta duba buƙatar kafin kotu ta yanke.

«Mafi ƙanƙanta» da «daidai hankali» su ne suka kai mutane kotu nan da nan. Hukumar ruwa ta yankin saman kogin Gunnison ta nemi adadi mai hawa da sauka bisa lokaci, daga kimanin lita 7,600 zuwa 42,000 a daƙiƙa. Hukumar jiha ta ce lita 7,000 sun isa duk tsawon lokacin. Kotun ruwa ta ba masu nema duk abin da suka roƙa. A 2005 Kotun Ƙoli ta ce dukansu biyu sun kauce. Hukumar jiha ba ta da hurumin sauya wa mai nema irin wasan da yake so ta ɗora masa nata adadin, aikinta ta auna abin da aka kawo mata. Ita ma kotun ruwa ba za ta karɓi maganar mai nema ido rufe ba, sai ta bincika ko wasan da ake nufi ya dace da wannan kogin da ruwan da ya rage a cikinsa, sannan ta gano ƙaramin adadin da zai wadatar. Filin gasar ƙwararru na iya dacewa da babban kogi ya zama wuce gona da iri a ƙaramin rafi. Duk abin da ya haura wannan ƙaramin adadi, a idon doka ba amfani mai fa'ida ba ne.

Gyaran 2006 ya shiga ƙididdiga dalla-dalla. Haƙƙin ya taƙaita ga jiragen da ba su da inji, wato kwale-kwale da jirgin roba da makamantansu. Lokacinsa daga 1 ga Afrilu zuwa Litinin ta farko a Satumba, sai in mai nema ya nuna akwai masu buƙata a wajen wannan lokaci. Ginin sai ƙwararren injiniya ya tsara shi. Kotu za ta rubuta adadin da in ruwa ya gaza shi wasan ba ya yiwuwa, domin kada a rufe ƙofar wani a kan ruwan da ba zai amfani kowa ba. Idan jimillar abin da aka nema ta haura rabin ruwan da kogin ya saba kawowa a wannan lokaci, sai a ƙara matsewa: zango uku kawai, kowanne da adadi ɗaya, kuma ba za a amsa kira ba sai in zai samar da aƙalla kashi 85 cikin ɗari na adadin. Ba a kuma yarda a yi kira a kan ruwan da wani ya riga ya tara a dam bisa doka ba. Babu manomi ko masana'antar da aka yi wa irin wannan ƙwaƙƙwafi.

Masu zaman kansu sun gwada wata hanya. Wani kulob na masu hannu da shuni kusa da garin Basalt, mai filin golf da wurin kamun kifi, ya ja kimanin lita 600 a daƙiƙa daga kogin Roaring Fork zuwa wata magudana da ya ƙawata kamar ƙorama, ruwan ya ratsa filinsa ya koma kogi. Karkatarwa dai an yi ta, babu gardama. Maƙwabcinsa mai noma ya ƙalubalance shi, a 2015 Kotun Ƙoli ta ce ruwa mai gudana don ƙawa da jin daɗin masu fatsa bai cika amfani mai fa'ida ba. Hujjarta ita ce amfanin gona yana da ma'auni, ana sanin ruwan da kadada ke sha, jin daɗi kuwa ba shi da inda yake tsayawa. Ta ƙara da cewa wannan haƙƙin barin ruwa ne aka shigo da shi ta bayan gida, alhali majalisa ta keɓe shi ga hukuma. Wasu alƙalan sun saɓa, majalisa kuma a 2017 ta kare haƙƙoƙin da aka riga aka rubuta kafin hukuncin.

A ganina biyu daga cikin waɗannan iyakoki suna da hujja mai ƙarfi. Haƙƙin da ba ya cin ruwa ba shi da birki na kansa. Manomi ba zai nemi fiye da abin da gonarsa za ta sha ba, don kotu za ta auna gonar. Mai neman ruwan wasa kuwa yana iya cewa kogin duka yake so, kuma gaskiya yake faɗi, domin igiya tana ƙara daɗi ne in ruwa ya ƙaru. In aka buɗe wannan ga kowa, mai kuɗi zai iya kama kogi da sunan nishaɗi ya zauna yana jiran mai saye. Barin abin a hannun hukumomin da jama'a ke iya tuhuma, da sa masa adadi, kariya ce ga ƙananan garuruwan sama waɗanda su ma 'ya'yansu za su buƙaci ruwan sha.

Sharaɗin gini ne ban gamsu da shi ba, kuma yana damuna. Ma'anarsa ita ce gangaren da Allah ya halitta, wanda matuƙa suka shekara da shekaru suna bi, ba shi da kariya sai an shigo da katafila an zuba masa siminti. Garin da ba shi da kuɗin injiniya da lauyoyi na shekaru ya fita daga lissafi, ko da rabin cinikin kasuwarsa daga baƙin kogi yake zuwa. An riƙe sharaɗin ne don a ce ba a saɓa wa tsohuwar ƙa'idar karkatarwa ba, alhali asalin amfanin karkatarwa shi ne ta nuna wa jama'a cewa wani ya kama ruwa a nan kuma ga yawansa. Yau rajistar kotu da na'urar awon ruwa suna yin wannan aiki fiye da kowace magudana. Wasu jihohin sun nuna ana iya yi ba tare da gini ba. Oregon ta hana taɓa ruwan magangarun da ke kwazazzabon kogin Columbia tun 1915, a 1987 kuma ta ba hukumar wuraren shaƙatawa damar neman haƙƙin barin ruwa a kogi. Kotun Ƙolin Idaho ta amince da irin wannan haƙƙi babu karkatarwa a 1974. Alaska ma har ɗaiɗaikun mutane ta yarda su nemi a keɓe ruwa a kogi.

Wani abin da ke rikita baƙi shi ne, samun ruwa a kogi daban, damar hawa kansa daban. A 1979 Kotun Ƙolin Kolorado ta ce kasancewar ruwa mallakar jama'a bai ba mutum izinin ratsa filin wani a kan kogi ba tare da yardarsa ba. Montana ta ɗauki akasin haka a 1984. Har yau wannan batu bai kwanta ba a Kolorado.

Ko an samu haƙƙin wasan, kwanan watansa yawanci na bayan 1990 ne, a kogunan da aka fara rabawa tun kafin 1880. A shekarar fari, lokacin da aka fi buƙatarsa, kiransa ba ya rufe ƙofar kowa sai 'yan tsirarun da suka zo bayansa. Shi ya sa ruwan da masu jiragen roba ke samu a zahiri yakan zo ne ta wasu hanyoyi. A saman kogin Arkansas, inda harkar yawon kogi ta fi ƙarfi a jihar, akwai yarjejeniyar sa-kai tun farkon shekarun 1990: masu dam suna daidaita lokacin sakin ruwan da tun farko za su tura ƙasa, domin a samu kimanin lita 20,000 a daƙiƙa a ma'aunin Wellsville daga 1 ga Yuli zuwa 15 ga Agusta. Babu kotun da ta tilasta wannan, kuma yana tafiya ne gwargwadon ruwan da ke akwai a shekarar.

A kan kogin Kolorado kansa kuwa, abin da ke riƙe da ruwa a kwazazzabon Glenwood wata tsohuwar tashar lantarki ce mai suna Shoshone. Haƙƙinta na 1902 ne, kimanin lita 35,000 a daƙiƙa, ruwan yana juya injinanta ya koma kogi. Da yake ta riga yawancin manyan ramukan da ke kai ruwa gabas, idan ta yi kira dole a saki ruwa ya gangaro yamma, masu jiragen roba da kifi da manoman ƙasa duk su amfana. Fargabar ita ce ranar da tashar za ta tsufa a rufe ta, haƙƙin ya bi ta. Saboda haka a Disamba 2023 hukumar kula da kogin ta yammacin jihar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Xcel Energy, mai tashar, cewa za ta sayi haƙƙin a kan dala miliyan 99, da nufin a ƙara masa manufar barin ruwa a kogi, kwanan watan 1902 ya ci gaba da aiki ko injinan sun tsaya. Shi ma wannan sauyi sai ya bi ta hannun hukumar adana ruwa ta jiha da kotun ruwa, inda biranen gabas ke da damar kawo ƙorafinsu a kan yawan ruwan da tashar ta saba amfani da shi.